Idon Inna a Waya Biyar

Tudun Ardo, Mambila
2 ga Yuni

Zuwa ga ƙanina Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, kai da mai jego Jamila da baƙuwarmu Ikram, Allah ya raya mana ita. Ka durƙusa ka gaida mini Inna da kyau. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ruwan da ba ya ɗaukewa, sai shanun mutane da ciwon hanta ya sa a gaba. Tun safe nake cikin taɓo da allura a hannu.

Isiyaku direba ya kawo mini memorin ranar Talata, da ya dawo lodin fiya da ayaba. Ka san halin garin nan, sabis sai an hau tsauni, a can ɗin ma daga "halo, halo" ya yanke, don haka takarda da memori su ne wayata. Na bar waya a sola ta cika, na zauna na kalli bidiyon sunan sau huɗu. Kai, yarinyar nan hancinka ta ɗauko sak, Allah dai ya sa kada ta haɗa da bakinka. Na ga tsakar gidanmu, na ga rijiya, har ƙwalla ta zo mini.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ka buɗe bidiyon ka je minti na goma sha ɗaya, inda aka miƙa wa Inna jaririyar ta ɗaga kai tana dariya. Hambali, idon Inna rawaya ne. Ba jan hayaƙin girki ba, ba na kuka ba, rawaya kamar an ɗiga ruwan kurkur. Na tsayar, na ja hoton da yatsu biyu har fuskar ta farfashe ta koma ɗigo-ɗigo, rawayar tana nan daram. Shekarata goma sha uku ina ɗaga fatar idon dabbobi, shi ne abin da nake fara dubawa kafin in taɓa saniya. Na san launin nan yadda ka san cikin waya. Ban da haka, sau shida na ƙirga tana sosa hannu. Awarwaronta na azurfa, wanda a da sai da sabulu ake cire shi, ga shi nan yana yawo har gwiwar hannu.

Sannan me ya sa bidiyon ya yanke daidai lokacin da ta yunƙura za ta tashi? Tana cikin dafa bango, sai kawai ga ni a wajen masu rabon waina. Me ka cire a tsakani?

Ba rigima nake nema ba. Ranar da na karɓi aikin nan, a zauren gidanmu ka ce mini in tafi abina, Inna tana wuyanka. Na yarda da kai na tafi. To ka faɗa mini gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Idan ciwon shawara ne ya kama ta, asibiti za a kai ta yau, ba gobe ba. Abin da ke sa ido ya yi haka ba ya jiran mutum ya gama shiri.

Na ba Isiyaku zuma ta Inna da ganyen shayi na mai jego. Ga fiya kuma, taka ce, kada ka rabar a shago. Ka ba shi amsa kafin ya juyo.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Ma'u

*

Koki, Kano
16 ga Yuni

Adda Ma'u,

Wa alaikumus salam. Muna amsa gaisuwa, muna ƙarawa da godiya. Inna lafiyarta lau, ta sha zumar ta sa albarka. Jamila ta fara zagayawa, Ikram kuwa ba ta da aiki sai ci da ihu, a nan dai ta biyo gwaggonta ta Mambila.

A shago na karanta takardarki, na yi dariya har maƙwabcina mai zare ya leƙo ya ga ko lafiya. Adda, ke likitar shanu ce, ni likitan waya. Duk Ƙofar Wambai idan sikirin ya fashe wajena ake zuwa, don Allah ki bar ni a fagena in yi miki bayani.

Wayarki ni na canza mata sikirin bara waccan, da kika zo kina saurin komawa. Orijina babu shi a kasuwa a lokacin, kwafi na sa miki, na kuma faɗa miki, ke ce ba ki saurare ni ba. Shi kwafi farinsa ba fari ba ne tun asali, yana yin shekara sai ya fara ɗaukar rawaya kamar tsohuwar jarida. Ga shi 720 ne, wato ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto ba su da yawa. Kin ja fuska da yatsu, to ba Inna kike gani ba, dama-damar launi kike gani. Ki ɗora a kan haka, rumfar da muka kafa a tsakar gida ranar suna ruwan ɗorawa ce. Ko farin rago aka ɗaure a ƙarƙashinta sai kin rantse shawara gare shi.

Maganar yankewa kuwa, waya ce ta cika. Gem ɗin ƙwallon da nake bugawa ya cinye wuri, sai da na tsaya na goge wasu tarkace, kafin in gama Inna ta shige ɗaki. Susa kuma, kin manta saurayen Koki ne? Awarwaro ban lura ba gaskiya, amma ai tsufa ma yana rage mutum.

Don hankalinki ya kwanta, ga waya nan na ba Isiyaku a cikin kwali, kyauta ce, ba aro ba. Shekara guda ina buga gem da ita, na san ta ciki da bai. Sikirin ɗinta 1080 ne, irin wanda baƙinsa baƙi ne ƙirin, farinsa fari tas. Ɗan wasa zai ruga da ƙwallo ba za ki ga inuwa tana bin sa ba, har ciyawar fili sai ki ƙirga. Na sa miki sabon bidiyo a ciki, ranar Juma'a na ɗauki Inna a ɗakinta tana lazimi. Ki kalla, sannan ki rubuto ki ba ni haƙuri, zan karɓa hannu biyu.

Na faɗa wa Inna kina tambayar jikinta. Ta ce a gaya wa mutanen Mambila kada su taso a cikin ruwan nan, su zauna a kan aikinsu.

Fiyar na rabar da rabi, ki yafe ni.

Ƙaninki,
Hambali

*

Tudun Ardo, Mambila
1 ga Yuli

Hambali,

Sallama da gaisuwa gare ka da iyalinka. Ka gaida Inna. Ina nan lafiya, sai mura.

Waya ta iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Ba ka yi ƙarya a kanta ba. Na ga tururuwa tana tafiya a bangon ɗakin Inna, na ga zaren da ya fita a bakin dardumarta. To tunda wayar tana nuna tururuwa, ka faɗa mini, ina tabon goshin Inna ya tafi? Tabon da ƙahon saniya ya yi mata tun tana budurwa, wanda muke shafawa muna yara tana kore mana hannu. A bidiyon Juma'ar nan babu shi. Babu tamojin gefen bakinta. Fuska sumul kamar ta amarya, ido fari fat kamar ɓararren ƙwai. Matar da ta haura sittin da biyar! Wannan ba Inna ba ce, wanke ta aka yi. Kai ne mai sana'ar, kai ka san yadda ake yi.

Ban tsaya nan ba. Na zare memorin sunan na sa a sabuwar wayar, wadda ka ce farinta fari ne tas. Minti na goma sha ɗaya, rawayar ta ma fi fitowa. Kuma Jamila tana zaune a gefenta, a ƙarƙashin rumfa ɗaya, idonta fari ƙal. Ko rumfar taku zaɓen mutane take yi?

Sai maganar da ta fi tsaya mini a rai. Ni ce 'yar fari. Shekara talatin da takwas Inna ba ta taɓa kama sunana ba, daga "waccan" sai "mutanen Mambila", kuma ba ta taɓa aiko mini da saƙo don kanta ba, ko gaisuwa sai an matsa mata. Yau rana tsaka har da "kada su taso"? Na sake tuna abin da na rubuta maka kalma kalma, ban ce zan zo ba. Wa ya kawo zancen zuwa? Ko dai kai ne ba ka so in zo in ga abin da ke cikin gidan, ka laƙa wa Inna?

Na san ka, Hambali. Ba mugu ba ne kai, amma tun kana ƙarami idan ka fasa kwano ƙarƙashin gado kake tura shi, ka fito kana fara'a. Idan kunyar alƙawarin da ka yi mini ce take sa ka nuƙu-nuƙu, na yafe alƙawarin. Inna nake so, ba alƙawari ba.

Ga abin da za ka yi, tunda ka ce sikirin yana ƙarya, rumfa tana ƙarya. Ka fito da Inna tsakar gida da hantsi, a fili, ba inuwar komai. A zuba nono a ƙwarya, a riƙe shi daf da kumatunta. Ka kashe duk wani kwaskwarima na wayar, ka ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa, ka ɗauka minti ɗaya ba yankewa. Idan nonon ya fito rawaya tare da idon, laifin waya ne, zan ba ka haƙuri a gaban duk 'yan Ƙofar Wambai. Idan nono ya fito fari, ka san sauran.

Kada ka aiko mini da bayanin ɗigo-ɗigo. Bidiyon nake jira.

Yayarka,
Ma'u

*

Koki, Kano
15 ga Yuli

Adda,

Mun amsa sallama. Kowa lafiya, har da Inna, ko kin yarda ko ba ki yarda ba.

Wallahi takardarki ta ɓata mini rai. Kwana biyu ban buga gem ba, kin san kuwa ba ƙaramin abu ke hana ni ba. Ni ne zan wanke fuskar uwata don in yaudare ki? Ni ne zan ƙaga magana in sa a bakinta? Haba Adda! Abin har ya kai nan?

Filta ce, ba komai ba. Kyamarar wayar tana da abin gyaran fuska, a kunne nake barin sa saboda masu zuwa saye, mutum yana ganin kansa ya yi kyau sai ya ce a ƙulla masa. Na manta ban kashe ba. Kuskure ne, na amsa. Rawayar da kika ce ta ƙaru kuwa, wayar a saitin gem na ba ki ita, saitin da ke ƙara wa kowace kala gishiri don rigunan 'yan wasa su fito. Ki shiga saiti, wajen sikirin, ki mayar da kala ta asali, ki kashe abin kare ido, shi ma rawaya yake sawa. Jamila kuwa a bakin rumfa take, rabinta a rana, ki duba da kyau. Saƙon kada ki taso, daga bakin Inna na ji shi, Allah ne shaidata. Dalilinta ban sani ba, ban kuma tambaye ta ba, don ba a haka muka taso ba.

Gwajin nononki ba zan yi ba. Ki tsaya ki ji abin da kika ce in yi. In fito da Inna tsakar gida, in tsaya a kanta, in sa yatsa in gwale mata ido, surukarta tana riƙe da ƙwarya tana kallo? Inna ba saniyar Ardo ba ce. Ko hannuna ba zai ɗagu ba, kuma kin san sarai ke ma da kike faɗa, a gabanta ko zama a kujera ba kya iyawa.

Ke kina can bayan duwatsu kina leƙen ta a gilashin da bai kai tafin hannu ba. Ni kullum ta Allah sai na shiga na gaishe ta kafin in fita shago, in dawo in sake shiga. Tana salla, tana lazimi, tana yi wa Ikram wasa. Cin abincinta ne ya ɗan ragu, ta ce zafi ne. Wa ya fi wani ganin ta a cikinmu?

Idan kin gaji da Mambila kina neman dalilin dawowa, ki dawo, gidanku ne. Amma ki daina sa wa Inna ciwo da baki.

Hambali

*

Tudun Ardo, Mambila
30 ga Yuli

Hambali ƙanina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Jamila da Ikram. Inna kuwa kullum tana cikin addu'ata.

Ban san ranar da takardar nan za ta same ka ba. Ƙasa ta zaftaro ta rufe hanyar gangara dutse, motoci sun yi layi sama da ƙasa, Isiyaku yana nan tare da mu yana kallon ayabarsa tana nuna. Na hau tsauni sau uku in kira ka, ko layi ɗaya na sabis ban samu ba. Da hanya a buɗe take, da ba takarda za ka gani ba, ni za ka gani.

Na yi duk abin da ka ce. Na mayar da kala ta asali, na kashe abin kare ido. Rawayar ta ragu kaɗan, ba ta tafi ba. Sai na yi gwajin da kaina. Akwai bijimin Ardo da hanta ta kama, akwai wani rago lafiyayye. Na sa aka riƙe ƙwaryar nono a gefen idon kowanne, na ɗauka, na kalla a wayoyin biyu. A tsohuwar, nonon ya ɗan ɗauki kalar man shanu, nan ka yi gaskiya, na ba ka. Amma idon ragon da nonon tafiyarsu ɗaya, na bijimin kuwa ya yi musu nisa a kowace waya. Ka gane? Idan sikirin zai yi ƙarya, komai da ke cikinsa zai yi wa, ba zai ware ido ɗaya ba.

Maganar gwale ido na janye. Na karanta amsarka na ji kunya, ni ma ba zan iya ba. Aiki da dabbobi ya sa na manta. Amma ba ka fita ba tukuna, don har yanzu zuciyata ba ta yarda da gidan nan ba. Ka ce cin abincinta ya ragu, ka ɓoye shi can ƙarshen takarda kamar ba komai ba. Me kuma ya rage da ba ka faɗa ba?

Ga hanyar da ba ta da rashin kunya. Na san ba ka rasa wata wayar mai ƙirga ciyawa a hannunka. A dama wa Inna fura da nono mai yawa a ƙwarya, a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, a ce likita ya ce Ikram ta sha rana. Za ta fito saboda jikarta. Kai ka tsaya can bakin zaure kamar kana gem ɗinka, ka jawo fuskarta kusa da zumin na kyamara lokacin da ta kai ƙwaryar baki. Ba ka taɓa ta ba, ba ka tsaya a kanta ba.

Ban gaji da Mambila ba, kuma maganar ta yi mini zafi. Amma ka faɗi abin da ya fi haka ma, in dai za ka ɗauki bidiyon. Don girman Allah, Hambali. Minti ɗaya.

Yayarka,
Ma'u

*

Koki, Kano
24 ga Agusta

Adda Ma'u,

Assalamu alaikum. Ni da Jamila da Ikram lafiya. Inna tana asibiti, yau kwana biyu. Na kira ki ya fi sau talatin bai shiga ba, shi ya sa nake rubutawa.

Takardarki sati uku ta yi a hanya, ranar Talata ta iso. Ba zan ɓoye miki ba, don in rufe miki baki na yi abin da kika ce. Laraba da hantsi Jamila ta dama fura, aka fito da Ikram rana, Inna ta biyo ta kamar yadda kika faɗa. Na tsaya a bakin zaure na ɗauka, ban ko duba ba, na wuce shago ina ta shirya irin takardar da zan rubuto miki.

A shago na tura bidiyon a waya biyar na jera su a kan kantar shagon. Tawa, da biyu sababbi a kwali, da wata mai kwafin sikirin irin taki, da wata tsohuwa 'yar 720 da aka kawo gyara. Na so in nuna miki kowace da kalar da za ta ba da. Na kunna su tare.

Adda, nonon fari ne. A duka biyar ɗin fari ne.

Na canza saiti, na rage haske, na ƙara, na kashe wannan na kunna wancan. Ni da nake gaya wa mutane wace waya ce mai faɗin gaskiya, na tsaya ina neman wadda za ta yi mini ƙarya, ban samu ba. Ban ko rufe shago ba na kamo hanyar gida.

Na sami Inna a tabarmar ba ta tashi ba. Na durƙusa na gaishe ta yadda na saba, sai na ga abin da nake kallo: ƙafafunta, da bakin tabarma, da carbinta. Na rubuta miki cewa kullum ina ganin ta. Ƙafarta nake gani, Adda. Tun da na yi wayo ban taɓa ɗaga kai na kalli cikin idon Inna ba, haka ta tarbiyyantar da mu. Ko bidiyon Juma'ar nan, wayar na miƙa gaba, kaina yana ƙasa. Ranar Laraba na ɗaga. Ba sai an gwale ba.

Ashe Jamila ta daɗe da ganin fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi, ta ga susar har da jini a hannu. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ce ta ɗauka na sani, kuma ba ta ga ta inda suruka za ta fara irin wannan magana ba. Wadda ta sani sosai ita ce 'Yardada, tsohuwar maƙwabciyarmu, ƙawar Inna, ita kaɗai ce mai kallon ta ido da ido. Jiƙon saiwoyi take kawo mata tun kafin suna, Inna ta sa ta yi alƙawarin ba za ta faɗa ba. Saƙon kada ki taso kuwa nata ne, ban ƙaga ba. 'Yardada ta ce da bakinta Inna ta gaya mata, "Waccan tana shigowa za ta gane."

A asibiti likitar ta tambaye ni tun yaushe idon ya canza. Sai na ciro waya na buɗe mata bidiyon suna, minti na goma sha ɗaya. Ba ta ko ja hoton da yatsu ba. Ta duba kwanan watan, ta ce, "Wata uku ke nan." Ta dube ni. An yi hoton ciki, sun ce wani abu ne ya toshe hanyar maɗaciya, za a yi mata aiki Alhamis ta sama idan jininta ya daidaita. Na tambaya ko za ta tashi. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, da an kawo ta tun a watan Yuni da maganar ta fi haka sauƙi. A biyu ga Yuni kika rubuto. Ni kuma na zauna ina yi miki lacca a kan ɗigo.

Ba zan ce ki yafe ni a takarda ba, sai na durƙusa a gabanki. Na yi magana da Isiyaku, gobe da asuba zai taso, zai jira ki kwana ɗaya, ko bai cika lodi ba zai juyo da ke.

Ɗazu da hantsi ina gyara wa Inna matashi, sai ta ce motar Mambila yaushe take tashi. Na ce gobe. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta buɗe ido ta ce, "Ka ce wa Asma'u ta taho." Cokali ya faɗi daga hannun Jamila. Ban ji da kyau ba, ko dai ban yarda da kunnena ba, na ce, "Na'am, Inna?" Ta maimaita, da sunan gaba ɗaya.

Babu memori a cikin ambulan ɗin takardar nan, kada ki nema. Wayar tana aljihuna a lokacin, ban ko tuna da ita ba, fuskarta nake kallo.

Ki taho, Adda.

Ƙaninki,
Hambali